Idan Ƙyauren Haske Ya Cije: Waiwaye Kan Tarihin Hoto Daga Paikon Kore

A duk lokacin da aka tashi lissafa hanyoyin da tarihin ƙasar Hausa ya iso gare mu, abubuwa uku aka saba ambata: abin da aka ji daga bakin magabata, da abin da malamai suka rubuta da ajami ko da Larabci, da kuma abin da ƙasa ta adana na kufai da ganuwa da tukwane. Akwai hanya ta huɗu wadda ɗalibanmu suka fi amincewa da ita, alhali ita ce aka fi ƙarancin yi wa tambaya, wato hoto. Da zarar an ajiye tsohon hoto a gaban ɗalibi sai ka ga gardama ta ƙare, domin a wurinsa gani ya kori ji. Sai dai kuma kowane mai ba da shaida yana da ido, kowane ido kuwa yana da fatar da ke buɗe shi ta rufe shi. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a dubi fatar idon kyamara, a ga yadda ta zaɓi waɗanda za su shiga tarihi, da yadda iskar ƙasarmu ta riƙa cije ta, da kuma mutanen da suka sha ɗawainiyar sake buɗe ta.

Abin da nake nufi shi ne ɗan ƙarfen nan da Turawa ke kira shota, wanda a nan zan riƙa kira ƙyauren haske. Kyamara dai ɗaki ne mai duhu, fim yana jingine a bangonsa na baya, gilashi yana bakin ƙofa. Tsakanin gilashin da fim akwai ƙyaure wanda kullum a rufe yake. Idan mai hoto ya danna maɓalli sai ƙyauren ya buɗe na ɗan lokaci ƙayyadadde, haske ya shiga ya zana abin da ke waje a jikin fim, sannan ya koma ya rufe. Wannan lokaci yana iya zama sakan ɗaya cur, yana iya zama kashi ɗaya cikin 30 na sakan, ko cikin 125, ko cikin 500. Idan ya wuce ƙima haske ya ƙone hoton. Idan ya gaza, duhu ya cinye shi. Duk sana'ar a kan wannan ƙiftawa ta dogara.

Sanin cewa haske na iya ɗauko surar waje ya shigo da ita ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa daɗaɗɗe ne. Malam Hasan Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayaninsa filla-filla a nazarinsa kan gani da haske. Abin da ya gagari mutane ƙarni da dama shi ne tsayar da surar ta zauna. Wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ne ya fara cin nasara wajen 1826 zuwa 1827, amma sai da ya bar idon akwatinsa a buɗe na tsawon sa'o'i masu yawa. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a Paris, wadda ta rage jiran zuwa mintoci. A wancan zamani babu buƙatar ƙyaure. Mai hoto kan cire murfin gilashi da hannu, ya ƙirga, ya mayar.

Akwai wani hoto da Daguerre ya ɗauka a 1838 na wani babban titin Paris da ake kira Boulevard du Temple, wanda ya kamata duk mai nazarin tarihi ya tsaya a kansa. Titi ne mai cinkoson kekunan doki da masu tafiya a ƙasa, amma a hoton sai ya fito fayau kamar garin da annoba ta share. Dalili kuwa shi ne, duk abin da ke motsi bai daɗe a wuri ɗaya ba har ya bar alama. Wanda ya fito sosai mutum ɗaya ne da ya tsaya ana goge masa takalmi a kusurwar titi. Shi kansa mai gugar, da yake jikinsa na aiki, bai fi inuwa ba. Tun daga ranar farko ke nan hoto ya nuna halinsa: yana son wanda ya zauna, yana ƙyamar wanda ke fafutuka. Wannan hali ya biyo shi har ƙasarmu.

Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, hoto ya shekara 12 da bayyana a Turai, amma surorin Kano da ke cikin littattafansa zane ne, wanda wani gwanin zane ya ƙawata a Jamus daga abin da shi Barth ya zayyana da hannunsa. Kayan ɗaukar hoto na lokacin sun yi nauyi, magungunansu kuma ba sa jure zafin Sahara. Ke nan Kanon Sarki Usman, da kasuwar Kurmi ta wancan ƙarni, da ayarin fatake masu zuwa Gwanja, duk ta ido da hannun baƙo muka gan su.

A cikin shekaru 50 da suka biyo baya abubuwa suka sauya da sauri. Da aka sami faranti da fim masu saurin kama haske, hannun ɗan Adam ya kasa cire murfi ya mayar a kan kari, sai dole aka ƙirƙiro na'urar da za ta yi wannan aiki. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya ya kama doki yana sukuwa, har aka ga lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suka rabu da ƙasa. A 1888 George Eastman ya fito da Kodak mai fim na naɗi, a 1900 kuma ya fito da Brownie mai arha. A 1912 kamfanin Friedrich Deckel na Munich ya fara ƙera ƙyauren da ake kira Compur, wanda ya zama abin koyi ga maƙera har Japan. Leica ta shigo kasuwa a 1925, Rolleiflex mai ido biyu ta biyo baya a 1929.

A gaɓar tekun Nijeriya 'yan ƙasa sun kama sana'ar tun da wuri. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki sanannen hoton nan na Sarkin Bini Ovonramwen a cikin jirgin ruwa a 1897, bayan Turawa sun tuɓe shi. George Da Costa ya buɗe shagonsa a Ikko tun 1895. A Arewa kuwa kyamara tare da bindiga ta shigo. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, masu riƙe da ita jami'an mulki ne da sojoji da 'yan mishan da ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911. Idan mai karatu ya duba abin da suka bari zai ga abu ɗaya yana maimaituwa: sarki a zaune, fadawa a tsaye, dogarai sun ƙame, ganuwa, ƙofar gari, masallaci. Lalle akwai siyasa a wannan zaɓi, domin mulkin da aka gina a kan sarakuna dole ya so nuna sarakuna. Amma akwai kuma hukuncin ƙyaure. A cikin soro ko zaure, inda haske ba shi da yawa, sai an buɗe ido na rabin sakan ko fiye, don haka sai wanda za a iya ce wa ya tsaya cik, kuma yana da sukunin tsayawa. Macen da ke daka, da yaron da ke kora awaki, da maƙerin da ke bugun ƙarfe, in sun shigo ta gefe sai su fito kamar hayaƙi. Sau da yawa nakan ji ɗalibai na cewa kakanninmu mutane ne masu ɗaure fuska, wai ga shi nan a hoto. Kamun kai a gaban baƙo al'ada ce, ban musa ba, amma duk wanda ya taɓa gwada riƙe murmushi na sakan biyu ba tare da ya motsa ba ya san cewa ɗaure fuska ya fi sauƙi.

A ƙarshen 1930 wani matuƙin jirgin sama ɗan Siwizalan, Walter Mittelholzer, ya sauka a Kano a kan hanyarsa ta zuwa Tafkin Chadi, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya ɗauki birnin daga sama da kuma daga ƙasa. Hotunansa suna nan a ɗakin karatu na wata jami'ar kimiyya a Zurich. Na E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana shirya mujallar Nigeria, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Abin lura a nan shi ne, abin da baƙo ya ɗauka ya sami ɗaki mai sanyi da ma'aikaci mai albashi. Za mu dawo kan abin da ɗan gida ya ɗauka.

Ba a karɓi hoto hannu biyu-biyu a ƙasar Hausa ba. Malamai sun san hadisan da suka yi hani ga suranta abu mai rai, saboda haka da yawa suka ɗauki hoto a matsayin reshen wannan hani. Wasu kuwa suka bi fahimtar irin su Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar, ya kuma rasu a 1935, cewa mai hoto bai ƙagi sura ba, inuwar da Allah ya halitta kawai ya tsare, kamar yadda madubi ke yi. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne wannan hujja ta tsare inuwa bayani ne na aikin ƙyaure daidai wa daida. Daga baya larura ta yi abin da muhawara ba ta gama ba: fasfon aikin hajji, da takardar makaranta, da lasin tuƙi, da neman aikin gwamnati, duk sai da hoto. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta saba wa mai karatun Hausa da ganin fuskokin mutanen da yake jin labarinsu. Hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 ya nuna cewa ƙyaure ya kai saurin da zai tsayar da doki a tsakiyar jafi.

Masu shagunan hoto na farko a biranen Arewa galibinsu mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari, Yarabawa musamman, kuma a hannunsu 'ya'yan Hausawa da dama suka koyi aikin. Ƙasa da masu shago akwai masu akwatin katako mai ƙafa uku, waɗanda ke kafa shi a bakin kasuwa ko kusa da ofishin gwamnati. Akwatin nan shi ne kyamara, shi ne kuma ɗakin wanki, domin a cikinsa ake ajiye 'yan kwanonin magani, mai hoto ya zura hannu ta hannun riga baƙi ya wanke takarda nan take. Irin wannan akwati ba shi da ƙyaure ko kaɗan. Murfi ake cirewa a ƙirga a mayar, kamar zamanin Daguerre. Kada kuma a ɗauka wannan alamar rashin ƙwarewa ce. An ruwaito cewa Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948 kuma a yau ake rataye hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya, da babbar kyamara mai lalataccen ƙyaure ya yi aiki, hannunsa da ƙirgensa suka maye gurbin ƙarfe.

To, ina Paikon Kore a cikin wannan labari? Gari ne a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, a cikin Babban Birnin Tarayya, kuma an fi jin sunansa saboda makiyayar da gwamnati ta keɓe wa Fulani a wurin. Kafin 1976 yankin Gwagwalada yana ƙarƙashin gundumar Kwali ne a masarautar Abuja, wadda Haɓen Zazzau suka kafa bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, Abu Ja ya gina birninta a 1828. Malam Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin wannan masarauta, aka buga fassararsa ta Turanci a 1952. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta yanki fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara domin sabon babban birni. Tsohon garin ya ba da aron sunansa ya koma Suleja. Jami'ar Abuja ta kafu a 1988 ta fara karatu a Gwagwalada, gwamnati kuma ta taso daga Ikko a ranar 12 ga Disamba 1991.

Cikin shekaru 15 ke nan ƙasar Gbagyi da Bassa da Gade da maƙwabtansu ta sauya kamanni fiye da yadda ta yi a ƙarni guda. Gine-ginen sabon birni sun sami masu ɗaukarsu, domin hukuma da 'yan kwangila suna son shaidar aikinsu. Manyan mutane ma sun samu. Duk wanda ya riƙe takardar naira 20 yana riƙe da fuskar Murtala a gaba, a baya kuma Ladi Kwali tana gina tukunya, ita da ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohon Abuja a 1954. Amma ƙauyukan gefe, da rumbunansu, da ranar kasuwarsu, da matan da ke ɗaukar kaya a kafaɗa, da rugar da ta sauka bayan gari, wa ya ɗauke su? Mai hoto na yawo ne, wanda ke zuwa a kan keke ko babur ranar sallah ko suna ko biki, ya ɗauka, ya koma gari ya wanke, ya dawo bayan mako ya karɓi cikon kuɗinsa. Ba tarihi ya zo rubutawa ba, abinci ya zo nema. Amma a bayan kafaɗar amarya akwai dangar kara, akwai bishiyar da aka sare, akwai dutsen da aka fasa, kuma a wurare da yawa wannan shi ne kaɗai abin da ya rage na surarsu.

Kayan aikin irin wannan mutum sanannu ne. Akwai Yashica mai ido biyu, musamman samfurin Mat-124G da aka ƙera daga 1970 zuwa 1986, mai cin fim na lamba 120 wanda ke ba da hoto 12 kacal a naɗi ɗaya. Akwai Seagull ta Shanghai da Lubitel ta Rasha ga mai ƙaramin jari. Akwai Zenit-E, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Daga baya Pentax K1000 da Canon AE-1, waɗanda duk suka fito a 1976, suka mamaye kasuwa da fim na milimita 35 mai hoto 24 ko 36. Dukansu an ƙera su ne a ƙasashe masu sanyi, da mai da giris da aka auna don wata iska dabam.

A nan ne yanayi ya shigo. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso ƙura mai laushi kamar gari, wadda masana suka ce mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Wannan ƙura ba ta san ƙyaure ba, ba ta san akwati ba. Sai zafin bazara ya zo, wanda a kwarin Gwagwalada ba wasa ba ne, ya narkar da man da ke cikin na'ura ya gangaro inda bai kamata ba. Sai damina ta sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, laima ta kawo tsatsa ga ƙarfe da fumfuna ga gilashi. Mai ya haɗu da ƙura ya zama kwaɓi, kwaɓi ya bushe ya zama danƙo. 'Yan shekaru na wannan juyi sun isa su cije ƙyauren.

Na ga misalin wannan a Paikon Kore ɗin kanta, a gidan wani dattijo da ya yi sana'ar a ƙuruciyarsa. Ya ciro Yashica daga adaka, an naɗe ta da tsohon rawani. Da aka ɗana ta aka danna a kan kashi ɗaya cikin 250, sai ta amsa ƙyas, lafiya lau. Da aka mayar da ita sakan ɗaya sai ta buɗe ido, ta yi wata 'yar ƙara kamar ta gyare, ta yi shiru, idon kuma ya tsaya a buɗe. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ita ma tsufa ya kama ta, gudu take iyawa, tafiyar hankali ce ta gagare ta."

Maganarsa daidai take da abin da masu gyara suka sani. Ƙyaure iri biyu ne. Na farko yana cikin gilashi, an yi shi da 'yan fallayen ƙarfe sirara, yawanci biyar, waɗanda ke buɗewa daga tsakiya kamar fure su koma su haɗe. Shi ne a Rolleiflex da Yashica da danginsu. Sifirin ne ke buɗe shi da ƙarfi, amma idan ana son ya daɗe a buɗe, daga sakan ɗaya zuwa wajen kashi ɗaya cikin 15, sai wasu ƙananan ƙafafu masu haƙora irin na agogo su riƙe shi su sake shi sannu a hankali. Waɗannan ƙafafu su danƙo ke fara kamawa, shi ya sa tafiyar hankali ke riga gudu mutuwa. Fallayen kansu kuwa a bushe aka yi su su yi aiki. Ɗigon mai ɗaya in ya hau kansu sai su manne da juna. Iri na biyu labule ne guda biyu, na ƙyalle mai roba ko na ƙarfe, da ke gab da fim, ɗaya na bin ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke barin haske ya wuce. Shi ne a Leica da Zenit da Pentax. Idan labule ɗaya ya yi nauyin jiki sai na bayansa ya cim masa tun ba a kai ƙarshe ba, gefen hoto ya fito baƙi.

Mai gyara na ƙwarai ba ya fara kwance noti. Da kunne yake farawa: ya buɗe bayan kyamara ba fim a ciki, ya ɗaga ta sama wajen haske, ya bi saurin ɗaya bayan ɗaya yana saurare yana kallo. Sannan ya kawar da abubuwan da ke kama da ciwon ƙyaure alhali ba shi ba ne. Canon AE-1 ba ta motsi sam in batirinta ya mutu, kuma an sha kai ta wurin gyara a kan wannan kaɗai. A kyamarori masu madubi, soson da madubin ke bugawa kan ruɓe ya zama kamar kwalta ya riƙe shi a sama. Ɗan maɓallin jinkiri, wanda ke ba mai hoto damar rugawa ya shiga sahu, yakan tsaya a rabin hanya ya kulle komai. A Yashica ma an san cewa taɓa shi alhali maɓallin fitila na kan harafin M na iya cije na'urar gaba ɗaya. Zenit kuwa ba ta son a sauya mata sauri kafin a ɗana ta. Wani lokaci ƙyauren da ya daɗe a ajiye ba abin da yake so illa motsa jiki, a ɗana a danna sau da yawa a hankali har ya warware, ko da yake wannan sauƙi ba ya daɗewa. In abin ya wuce haka sai a cire gilashi, a wanke ƙafafun da man laita mai saurin bushewa, a goge fallaye ɗaya-ɗaya, a ɗiga man agogo da bakin allura a kan ƙusoshin juyawa kaɗai. Abin da ya kashe kyamarori a ƙasar nan fiye da ƙura shi ne ƙarfin hannu da man keken ɗinki. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: mutum ya ji abu ya cije sai ya murɗa da ƙarfi, ko ya tsiyaya mai, ya ga ta yi aiki yau, bayan wata guda ta mutu murus.

Da yake cikin ƙyaure da cikin agogo 'yan uwan juna ne, masu gyaran agogo da rediyo na kasuwanninmu su ne suka zama likitocinsa. Ba kamfanin da ya horar da su, ba littafin da suka karanta. Matacciyar kyamara ita ce makaranta, ita ce kuma kantin kayan gyara, a ciro sifirin daga wannan a dasa wa waccan. Bayan 1986, lokacin da tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar kyamara ta fi ƙarfin mai hoto na ƙauye, sai darajar mai gyara ta ƙaru. Wanda ya fi shahara a wannan fanni a Afirka ta Yamma shi ne Malick Sidibé na Bamako. Duniya ta san shi da hotunan samari da 'yan mata na shekarun 1960, har aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a Venice a 2007, amma mutanen unguwarsa ta Bagadadji sun san shi da gyaran kyamara, sana'ar da ta riƙe shi lokacin da hoto mai launi ya kashe kasuwar baƙi da fari. Har ya rasu a 2016 kantocin shagonsa cike suke da tsofaffin kyamarori. A Yamai kuwa Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar daren birnin a shekarun farko na 'yancin kai, ya ƙare cikin rashin lafiya da talauci kafin rasuwarsa a 2014. Namu masu gyaran na Sabon Garin Kano da Zariya da Kaduna ba wanda ya bi su da alƙalami, kuma a ganina wannan giɓi ne da sassan Hausa da na tarihi na jami'o'inmu ya kamata su ji kunyarsa.

Ƙarshen zamanin ya zo da gaggawa. Wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kuma ita ce daga baya ta ci kamfanin, wanda ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Janairun 2012. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba ta zo da idonta. Mai hoto na yawo ya jingine babur, ɗakunan wanki suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya rage shi ne negetif da albam, kuma a nan sanin ƙyaure ke zama kayan aikin mai tarihi. Hoton da ya fito murabba'i yana nuna fim na 120 da kyamara mai ido biyu, wadda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama. Shi ya sa mutanen da ke cikinsa ke fitowa da kwarjini, domin daga ƙasa aka dube su. Jerin hotunan da gefe ɗaya nasu ya yi duhu a wuri guda yana nuna kyamara ɗaya ce mai labule marar lafiya, don haka mai hoto ɗaya ne, a kusan lokaci ɗaya, ko da an tsince su a gidaje dabam-dabam. Hoton da ya yi fari fat har fuska ta ɓace, alhali an ɗauke shi a inuwa, yana iya zama aikin ƙyauren da ya makara wajen rufewa. Hannun da ya zama hayaƙi yana gaya mana cewa mai shi aiki yake yi. Da irin waɗannan alamu ana iya jera hotunan da ba su da kwanan wata, a haɗa su da abin da tsofaffi suka tuna.

Sai dai laimar da ta cije ƙyaure ita ce ke cin negetif. Fim ɗin da aka ajiye a leda cikin ɗaki mai zafi yakan fara warin tsami, ya lanƙwashe, fuskarsa ta saɓule, kuma in ya fara ba ya tsayawa. Hotuna masu launi na shekarun 1980 sun riga na baƙi da fari dusashewa, sun koma ja-ja. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke garin, suna riƙe da takardun mulki da hotunan manya. Na ƙauyuka irin Paikon Kore suna cikin adaka da ƙarƙashin katifa da bayan madubi. Abin da suke buƙata bai taka kara ya karya ba: a raba su da leda, a sa kowanne cikin ambulan na takarda, a ajiye a wuri mai sanyi da bushewa, a kwafe su a kwamfuta, sannan a zauna da dattijon da ya ɗauka, ko wanda aka ɗauka, a rubuta da fensir a bayan ambulan ɗin sunan wuri da shekara da abin da ake yi a ranar. Ɗalibin da ke neman abin rubuta kundin digirinsa na farko zai iya gama gidaje goma a hutun zango ɗaya, daga Gwagwalada kuwa tafiyar ba ta da nisa.